Gargaɗi ga Fadan Kagoma da Kewaye: Kada a Shigar da Baƙin Yashin Kuza Cikin Gida

Jama'ar Fadan Kagoma, da 'yan'uwa na Kwoi da Nok, na Kagoro da Kafanchan, na Gidan Waya da Godogodo, iyaye maza da iyaye mata, a saurara, maganar ta gaggawa ce. Duk wanda ya ajiye buhun baƙin yashin nan mai nauyi da ke saura bayan an wanke kuza an tsince ta, ko a ɗakin kwana ne, ko a gindin rumbu, ko a ɗakin girki, ya fitar da shi yau, kada ya jira gobe. Kada a yi shafen ɗaki da shi. Kada a buga bulo da shi. Kada a soya gyaɗa a cikinsa, kada kuma a bar yara su hau tsibinsa suna wasa. Ba shi da wari, ba ya ƙona hannu, ba ya sa ƙaiƙayi, shi ya sa ake raina shi. Amma a cikinsa akwai ƙwayoyin ma'adinai masu fitar da wani tururi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira radiyeshan, mai yi wa jiki ɓarna a hankali a hankali, sai an yi shekaru kafin cutar ta fito fili.

Na san mutanen ƙasar nan ba sa karɓar hani sai an gaya musu dalili, kuma suna da gaskiya. Dalilin yana jikin duwatsun da muke kwana muke tashi a gindinsu. Sanin tarihinsu ne zai raba mana abin da ya kamata mu ji tsoro da wanda muke ɓata tsoronmu a kansa a banza.

A ranakun 11 da 12 ga Satumba, 2016, ƙasa ta motsa a Kwoi, maƙwabtanmu na kusa, aka ji har Nok da Sambang da Chori. Ta fara ranar Lahadi, ta maimaita har zuwa Litinin. Bangaye sun tsage, mutane suka fito daga gidaje a firgice. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi ta bibiyi lamarin, ƙarfin girgizar kuma bai wuce wajen maki 3 ba. Bayan shekara biyu, a Satumbar 2018, aka ji irinta a Mpape ta Abuja. Tun daga lokacin da wuya a yi hirar tsaunukan nan ba a sami mai tambaya ba, wai ko dutsen zai yi aman wuta wata rana. Amsar ita ce a'a. Masanan da suka yi nazarin girgizar Kwoi sun danganta ta da motsin tsofaffin tsagogin da ke cikin ƙasa. Wutar da ta gina duwatsun Kagoro da na Nok kuwa ta mutu fiye da shekara miliyan 140 da suka wuce, babu abin da zai tashe ta. Abin da ta bari ne yake nan, kuma shi muke tonowa da hannunmu.

Duwatsun ƙasarmu ba sa'annin juna ba ne. Akwai tsofaffin, shimfiɗar da yawancin gonakinmu ke kai, waɗanda suka samu siffarsu ta yanzu kusan shekara miliyan 600 da suka wuce. A cikinsu ake samun jijiyoyin farin dutse masu manyan ƙwayoyi da 'yan haƙa ke bi daga ƙasar Jema'a har Wamba suna neman tantalait da duwatsun ado. Akwai na tsakiya, waɗanda wani masani ɗan Birtaniya, J. D. Falconer, ya bambanta da na farko a littafinsa na 1911, har yau kuma masana ke kiran su giranit masu ƙuruciya. Sai 'yan autan, baƙaƙen duwatsun basal. Maganata a kan na tsakiya take, domin tsaunin Kagoro da duwatsun Nok suna cikinsu, tare da na Ganawuri, Jos, Bukuru, Mada da Afu. Sun kai wajen 50 a Najeriya, kuma da yawansu saiwar wani ƙaton dutse mai aman wuta ne da ya yi zamaninsa ya shuɗe.

Ga yadda irin wannan dutse yake rayuwa. Zafi daga can ƙarƙashi ya narka gindin ɓawon ƙasa. Narkakken dutsen ya taso ya taru a wani wawakeken kogo da bai wuce 'yan kilomitoci daga sarari ba, zafinsa ya kai wajen digiri 800 ko fiye. Nan zai zauna shekaru dubbai a kan dubbai, mai nauyi yana nutsewa, marar nauyin da ya ƙoshi da iska da tururin ruwa yana taruwa a sama. Ranar da rufin ya kasa riƙewa sai ya tsage, abin da ke sama ya fashe ya fito. Wannan ya wuce malalar wutar da ake nunawa a talabijin tana gangarowa sannu-sannu. Guguwa ce ta toka mai zafi da tsakuwa, tana gudu a doron ƙasa tana binne kwari da tudu, kuma don tsananin zafi tokar takan manne da juna ta koma dutse tun a inda ta faɗi. Da kogon ya rage kaya, sai rufin da ke kansa, mai faɗin kilomita goma ko fiye, ya rufta ciki bisa wata tsaga mai zagaye. Narkakken dutse ya matso ta wannan tsagar ya daskare a cikinta, ya zama zoben dutse da ya kewaye wurin gaba ɗaya. Daga nan aman wuta ya lafa. Abin da ya saura a ƙasa ya ci gaba da tasowa kashi-kashi, kowane kashi yana kutsawa cikin wanda ya riga shi, yana daskarewa ba tare da ya ga rana ba. Wannan shi ne giranit.

Wani zai ce wa ya gani. Duwatsun ne shaida, kuma karatunsu ba shi da wuya. Idan wani dutse ya ratsa wani, wanda ya ratsa shi ne ya zo daga baya. Idan ka ga gutsuren wani dutse a cikin wani, gutsuren ne ya riga zuwa. Dutse mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai ya huce ne da sauri a sarari, mai manyan ƙwayoyi kuwa ya huce a hankali a cikin ƙasa. Da irin wannan karatu masana uku, Jacobson da MacLeod da Black, suka bi tsaunukan Arewa da ƙafa, suka fitar da littafinsu a 1958. A duwatsun Ningi da Burra na Jihar Bauchi har yau tokar da ta manne tana nan jibge, kuma an gano cibiyoyi shida da suka hau kan juna, wuta tana mutuwa a wannan tana tashi a na gaba. A Ririwai ta Ƙaramar Hukumar Doguwa a Jihar Kano zoben yana nan a fili, dutsen toka a cikinsa, giranit ya kutsa daga baya. A duwatsun Azbin na Nijar akwai zoben da faɗinsa ya kai kilomita 65. Mai son ganin irin wannan wuri kafin ya tsufa sai ya duba tafkin Toba a tsibirin Sumatra na Indunusiya, kwarin da ya rufta kimanin shekara 74,000 da suka wuce, tsawonsa kusan kilomita 100.

Abin da ya fi burge ni shi ne wutar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Da aka auna shekarun duwatsun, aikin da masaninmu M. A. Rahaman da abokan aikinsa suka wallafa a 1984 yana cikin manyansu, sai aka ga tana gangarowa daga arewa zuwa kudu. Na Azbin sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram, wajen Zinder da Gure, kusan miliyan 300. Na Dutse a Jihar Jigawa miliyan 213, na Jos da Bukuru wajen miliyan 164, na Afu a Jihar Nasarawa, ƙarshen layin, wajen miliyan 141. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ta bi ta ƙasar Hausa ta ratsa tamu. Mu nan kudu ruwan sama ya fi cin ƙasa, ya wanke tokar da saman dutsen, ya bar mana cikinsa a buɗe. Mai hawa tsaunin Kagoro ranar bikin Afan yana taka wurin da dā yake can cikin ƙasa.

Game da 'yan autan, gaskiya ce baƙin basal ɗin da ya malalo daga tudun Jos zuwa ƙasar Jema'a bai tsufa sosai ba, wasunsa ba su wuce shekara miliyan 2 ba. Daga cikinsa safayar Nisama ta fito, kuma tsaunukansa suna nan tsaye a Panyam da Kerang. Tarihi bai rubuta amansu ko sau ɗaya ba. Sa musu ido aikin gwamnati ne, musamman ganin abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru ranar 21 ga Agusta, 1986, inda iskar da ta taso daga ruwa ta kashe mutum fiye da 1,700 a dare ɗaya. Amma wannan ba shi ne abin da ke bakin ƙofarmu ba.

Ɗauki guntun dutse daga gindin tsaunin Kagoro, ka fasa shi, ka duba sabuwar fuskar a hasken rana. Za ka ga ƙwayoyi iri uku sun cuɗanya. Akwai farare ko masu ɗan ja-ja, su ne suka fi yawa. Akwai masu sheƙi, ruwan toka, waɗanda wuƙa ba ta karce su, wato ƙanƙarar dutse da masana ke kira kwaz. Akwai kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wasu suna ɓarewa falle-falle idan ka sa farce. Waɗannan su ne jikin dutsen, kuma lokacin da suke daskarewa ba kowane sinadari suke karɓa ba. Kuza, niyobiyom, yuraniyom, toriyom, fulorin, dalma da zinki ba su da wurin zama sosai a jikinsu. Duk ƙwayar da ta daskare sai ta bar su a cikin ruwan da ya saura. Kamar tukunyar miya ce da aka manta a kan murhu: ruwa yana ƙonewa, gishirin bai je ko'ina ba, ɗan abin da ya rage a gindi ya fi ƙarfin harshe. Haka kashi na ƙarshe na narkakken dutsen nan ya kasance, tare da ruwan zafin da ya fito daga cikinsa ya bi tsagogi yana sauke kayansa. A Ririwai ya bar jijiya mai tsawon kusan kilomita 5, ɗauke da kuza da zinki da dutsen dalma mai ƙyalli, irin wanda ake niƙa kwalli da shi, sannan a kwarin Kaffo ya bar dutse mai yuraniyom. A Rayfield ta Jos ya bar kwalambait gauraye da torait da zarkon.

A nan zancen yake. Arziki da dafi ba su zo daban-daban ba. Ruwa ɗaya ne ya kawo su, a lokaci ɗaya, ya ajiye su a wuri ɗaya. Babu yadda za a yi mutum ya tara kuza ko kwalambait daga waɗannan duwatsu bai tara abokan tafiyarsu ba.

Sauran labarin kakanninmu sun san shi. Duwatsun suka ruɓe, rafuka suka kwashe yashin, masu nauyi suka kwanta a gindin kwari. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza suna zuba ta siri-siri suna kai wa kasuwa. Turawa suka zo da kamfanoni a farkon ƙarni na 20, layin dogo ya haɗa Kafanchan da Jos a 1927, aka yi diban gwamna daga 1942 zuwa 1944 ana tura mutane ramukan kuza ala tilas. A wurin haƙar kuza ne aka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a Nok a 1928, sannan wajen 1943 aka sami wani kan yumɓu a ƙasar Jema'a da wani masani, Bernard Fagg, ya gane danginsa ne. Kenan tonon kuza a ƙasarmu ba baƙo ba ne. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985 kamfanoni suka watse, suka bar ramuka da tsibin shara, talaka ya gaje su da shebur da ƙwarya.

Dubi mai wankin kuza a bakin rafi. Ta tsaya a ruwa har gwiwa, ta ɗebo yashi a ƙwarya, tana juya ta tana karkatawa, farin yashi yana bin ruwa yana tafiya. Bayan ɗan lokaci abin da ya rage a gindi bai fi cikin tafi ba, baƙi, mai nauyin da ya fi ƙarfin girmansa. Baza shi a faranti ka duba da kyau. Tsakanin baƙaƙen ƙwayoyin za ka ga wasu masu launin zuma, wasu ruwan ƙasa, wasu ƙanana masu walƙiya. Masu launin zumar nan monazait ne, mai ɗauke da toriyom. Masu walƙiyar zarkon ne, da ɗan yuraniyom a cikinsa. A jikin tsauni waɗannan ƙwayoyi a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can, shi ya sa zama a gindin dutse ko noma a kusa da shi ba abin tashin hankali ba ne, yashin rafi na gini ma haka. Wanki ne yake tara su. Injin maganaɗisun da ke raba kuza da kwalambait ya ƙara tace su, abin da aka ture gefe a matsayin shara ya zama shi ne mafi ƙarfin tururi a duk wurin.

Masu bincike daga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da wasu jami'o'inmu sun auna irin wannan shara a wuraren sarrafa kuza na Jos da Bukuru, suka samu tururinta ya ninka na ƙasar noma sau da yawa. Sun kuma koka da yadda mutane ke ɗibarta suna gini da shafe, har da suyar gyaɗa don tana riƙe zafi. A 2008 hukumomin Jihar Filato da kansu suka yi gargaɗi a kan tsofaffin wuraren haƙa fiye da 1,000 da aka bari haka. Toriyom ba ya ƙarewa a rayuwar mutum ko ta jikokinsa, sai ya yi shekara biliyan 14 kafin rabinsa ya lalace. Cutarwarsa ta hanya uku take zuwa: tururin da ke bugun jikin wanda ke kwana kusa da buhu, ƙurar da ake shaƙa ko a haɗiye ta zauna a huhu da ƙashi, da iskar radon da ke fita daga yashin ta taru a ɗakin da aka rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon yana sahun gaba wajen jawo sankarar huhu, kuma mai shan taba da ke shaƙar radon haɗarinsa ya ninka. A Bukit Merah ta ƙasar Malesiya, wata ƙasar kuza, an buɗe masana'antar tace monazait a 1982. Mazauna wurin suka yi ta kukan sankarar jini a 'ya'yansu, suka je kotu, aka rufe masana'antar a 1994, kuma share wurin ya ci kusan dala miliyan 100. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa na ce maganar ta gaggawa ce shi ne sharar jiya ta zama haja. Duniya tana neman sinadaran da ke cikin monazait don yin maganaɗisun motoci masu lantarki da wayoyi, dillalai suna saye, tsibin da aka manta da shi shekara talatin yanzu ana auna shi a sikeli. Abin da ke da kuɗi kuwa ba a barin sa a waje, ɗaki ake kai shi, a tura ƙarƙashin gado don ɓarayi. Ga shi kuma tun annobar da ta ruɓar da citta a 2023 ta karya manoma a Kachia da Jaba da Kagarko da nan ƙasar Jema'a, matashin da gona ta ba shi kunya, rami ne zai kira shi. Ba na cewa kowa ya bar haƙa. Wanda ba shi da abin sa wa a bakin salati ba za a ce masa ya zauna ya naɗe hannu ba. Ina cewa a raba aikin da gida.

A samu rumfa a wajen gari, mai iska ta ko'ina, nesa da rijiya da hanyar yara, can za a ajiye buhuna, a yi mata ƙofa da kwaɗo, maigadi kuma kada ya kwana a kan kayan. Daka da niƙa da tankaɗe duk a yi su can, a jiƙe, kada a yi a bushe. Turmin da aka daka dutse a ciki ya bar gidan har abada, buhun da ya ɗauki yashi kada ya ɗauki masara ko acca. Mai aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida ya ɗauki jariri. Mai ciki da mai goyo su nisanci wurin tankaɗe. Iyayenmu mata masu suyar gyaɗa, don Allah ku san inda yashinku ya fito. In baƙi ne mai nauyi, ko daga bayan injin kuza aka ɗebo shi, ku zubar da shi can inda aka samo shi. Wanda yake ganin na cika tsanani ya tuna Zamfara. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, saboda an kawo dutsen zinariya mai dalma cikin gida ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake yi a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Dutsensu daban da namu, amma ƙofar da ajali ya bi ita ce wannan: an mai da gida ma'aikata.

Ruwa ma yana da nasa. Fulorin ɗin da na ambata yana narkewa cikin ruwan ƙasa, kuma idan ya wuce miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, yana ɓata haƙoran yara, in ya yi yawa ya taɓa ƙashi. Mutanen Langtang a Jihar Filato sun daɗe da sanin wannan. Unguwar da aka ga yaranta da yawa haƙoransu sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, a kai ruwan rijiyarsu ko burtsatsensu a gwada. Tafasawa ba ta cire shi. Tsofaffin kududdufan kuza kuwa kada a sha, kada a bar yara su yi iyo, bakinsu yana zaftarewa kuma zurfinsu ba ya nunawa daga sama.

'Yan'uwa masu fasa dutse, ƙanƙarar nan mai sheƙi da na ce ku duba, ƙurarta ce ke daskarar da huhu. Ciwon ba shi da magani in ya kama, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar da ta fi cutarwa, don ita ido ba ya ganinta. A zuba ruwa a wurin fasa da wurin niƙa, a nemi takunkumi na gaske. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je asibiti a Kafanchan, ya gaya wa likita aikin da yake yi, kada ya ɓoye. 'Yan loto masu haƙa a ƙarƙashin ƙasa, kada a shiga rami bayan ruwan sama mai yawa, abin da ya binne mutane ke nan a Galkogo ta Shiroro a Yunin 2024. Kada a sauke janareta ko injin jan ruwa cikin rami, hayaƙinsa yana kwantar da mutum ba tare da ya ankara ba. In wani ya faɗi a ƙasa, kada na biyu ya bi shi sai da igiya a ƙugu da mutane a sama. Duk wanda ya ga sabuwar tsaga a gona ko a jikin tsauni, ko dutse ya gusa daga mazauninsa, musamman inda ake fasa da nakiya, ya sanar da mai unguwa a ranar.

Ranka ya daɗe, Mai Martaba Kpop Gwong, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku ne talaka ke jin maganarku kafin ta kowa. Muna roƙo a yi shela a kasuwa, a hana ajiye wannan yashi da niƙa dutse a cikin gari. Dokar ma'adinai ta 2007 tana bayanku: mai lasisin haƙa ko fasa dutse sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara, an ɗora masa gyara ƙasar da ya ɓata, an kuma hana taɓa wuraren da jama'a ke ɗauka masu tsarki. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta wa jama'a ba. Fastoci da limamai, minti biyar bayan sujada ko bayan sallar Juma'a ya isa a isar da wannan. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin mata Musulmi, ku ne kuka san gidan da ake suyar gyaɗa da gidan da buhu ke ƙarƙashin gado. Malaman Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, tsaunin yana bayan ajinku, ku kai ɗalibai su gani da idonsu.

Shugabannin ƙananan hukumomin Jema'a, Jaba, Kaura da Sanga, ku rubuta wa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda doka ta ɗora wa wannan aiki, da Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya mai ɗakunan gwaji a Kaduna, da cibiyar Zariya, su zo da na'urorinsu. Na'urar aunawa a hannu ake riƙe ta, a yini ɗaya za a iya zagaya wuraren sayen kuza da makarantu da gidajen da ake zargi. A fara da inda yara ke kwana.

Wanda kuma ya riga ya yi shafe ko daɓe da irin wannan yashi, kada ya firgita, kada kuma ya kama kankare bango a bushe, don ƙurar ta fi bangon illa. Ya riƙa buɗe tagogi dare da rana, ya mayar da yara da mai ciki wani ɗakin, ya daina shan taba a ciki, sannan ya ba mai unguwa sunan gidansa don a sa shi a jerin waɗanda za a fara aunawa.